Rufin Soro: Gyara Kafin Rushewa

Garin Katagum yana kusa da Kogin Jama'are, a arewacin Jihar Bauchi. Malam Ibrahim Zaki ne ya kafa masarautar a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A shekarar 1824 Bature matafiyi Hugh Clapperton ya ziyarci garin, ya tarar da ganuwa da gine-ginen ƙasa. A 1916 aka mayar da hedikwatar masarautar Azare. Har yau akwai soraye a tsofaffin unguwanni da ƙauyukan wannan ƙasa.

Idan damina ta yi nisa, musamman a watan Agusta, wasu soraye sukan fara yoyo. Sau da yawa maigida yakan yanke ƙauna nan take, ya ce a rushe rufin a sa kwano. Amma ba kowane yoyo ne ke nuna cewa rufi ya mutu ba.

Domin fahimtar haka, sai mu dubi yadda ake yin rufin. Magina sukan jera azara a kan bango. Azara itace ne da ake tsagawa daga giginya. Tana da ƙarfi, kuma gara ba ta cinta da sauƙi. A kan azara ake shimfiɗa zana ko ƙananan itatuwa, sannan a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Daga ƙarshe a shafe saman da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, don ta hana ruwa shiga. Ana ɗan karkata rufin domin ruwa ya gangara ya fita ta indararo.

Saboda haka, yawancin yoyo daga sama yake farawa. Wani lokaci ganye da shara ne suke toshe indararo, ruwa ya kwanta. Wani lokaci kuma shafen ne yake tsagewa saboda zafin rana. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Idan aka share indararo, aka cike tsaga, aka sabunta shafe kafin ruwan farko, rufin zai daɗe. Kuɗin wannan gyara bai kai na sabon rufi ba. Ban da haka, soro ya fi ɗakin kwano sanyi a lokacin bazara.

Akwai misalai na gine-ginen da kulawa ta raya. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, a Jihar Bauchi, aikin Babban Gwani ne tun ƙarni na 19, kuma a 1956 aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa. A garin Djenne na ƙasar Mali, jama'a sukan taru kowace shekara su sake yaɓe babban masallacinsu.

Sai dai haƙuri da rufi ba ya nufin sakaci. A watan Agusta na 2023, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Idan azara ta lanƙwashe ko ta ruɓe, ko ƙasa ta fara zubowa daga sama, ko bango ya tsage tun daga tushe, wajibi ne a fita daga ɗakin a kira magini. Shi ne zai duba ya faɗi ko a sauya azara, ko a sake rufin gaba ɗaya.

Mai hankali ba ya gaggawar rushe abin da zai gyaru, kuma ba ya kwana a ƙarƙashin abin da ya riga ya lalace.

Tambayoyi
1. Daga wace bishiya ake samun azara?
2. Mene ne amfanin indararo?
3. Kawo alamu biyu da ke nuna cewa rufi yana da haɗari.