Giyar Mota Mai Turbo: Kafin Ka Tura a Sayo Maka Giyabos Daga Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya saba bin titin Kano zuwa Maiduguri ya san yadda hanya ke miƙewa daga Shuwarin zuwa Azare, daga Azare zuwa Potiskum, har ƙafar direba ta riƙa ƙaiƙayin taka totur. Motocin da ke bin ta ma sun sauya. A da, mai son ƙarfi babban inji yake nema, mai silinda shida ko takwas. Yanzu kamfanoni ƙaramin inji suke ƙerawa su ɗora masa turbo. Hatta Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta ajiye silinda takwas, ta koma shida mai turbo biyu. Irin waɗannan motoci suna shigowa ƙasar Katagum sannu a hankali, sababbi da 'yan Beljiyam, amma sanin giyarsu bai iso tare da su ba.

Aikin turbo shi ne ya yi amfani da hayaƙin da inji ke fitarwa wajen juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya wata farfelar da ke cusa iska mai yawa cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙone da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Sai dai ƙarfin da wuri yake zuwa, tun inji bai ɗauki kuka ba, kuma giyabos ne ke karɓar dukan.

Mai mota yakan tambayi doki nawa injinsa ke da shi. Giyabos kuwa ba ruwansa da doki, ƙarfin murɗa yake ji, wanda ake aunawa da niyuton-mita, kuma kowane giyabos yana da iyakar abin da zai ɗauka. Kamfanin ZF na Jamus a jikin sunan yake rubuta wannan iyaka: 8HP45 na ɗaukar 450, 8HP70 na ɗaukar 700. Dubi Honda Accord ta 2018. Mai inji lita 1.5 tana ba da 260, sai aka sa mata giyar CVT mai aiki da bel na ƙarfe. Mai lita 2.0 tana ba da 370, sai Honda ta haɗa ta da otomatik mai hawa goma. Mota ɗaya, shekara ɗaya, giya biyu. Masu ƙera ta ba don ado suka yi haka ba.

Tsakanin inji da giyabos na otomatik akwai wata rufaffiyar tukunya cike da mai, kwambata, wadda ke tsayawa a madadin kuloci. Asalin dabarar ta wani injiniyan Jamus ce, Hermann Föttinger, wanda ya yi mata rajista a 1905 don jiragen ruwa. Ka ɗauka injin ban-ruwa ne a fadamar Jama'are yake feso ruwa kan wata farfela har ta juya. Haka abin yake a ciki: farfelar da ke haɗe da inji tana watsa mai, man ya bugi ta biyu wadda ke haɗe da giya. Akwai ta uku a tsakiya da ke karkato man ya dawo ya taimaki ta farko, shi ya sa wajen tashi kwambata kan ninka ƙarfin murɗa kusan sau biyu.

Nan ne ake tafka asarar da ta fi ba ni takaici. Ba a gane kwambata da ido. Biyu za su zo girma ɗaya, ramukan noti ɗaya, su zauna daram, alhali lanƙwasar fukafukan cikinsu daban. Wannan lanƙwasa ce ke yanke juyi nawa inji zai kai kafin kwambata ta kama sosai, a yawancin motocin gida wajen 1,800 zuwa 2,500 a minti. In aka sa wa ƙaramin inji mai turbo kwambata mai saurin kamawa, irin wadda aka yi wa babban inji ko na dizal, za ta shaƙe shi tun turbo bai cika iska ba. Mota ta yi nauyi wajen tashi, mai ita ya yi ta zargin fulogi da famfon mai. In kuma aka sa mai sako-sako, inji ya yi ta ihu, tafiya kaɗan, ƙarfin da ya ɓace ya koma zafi. Masu tseren mota a Amurka da gangan suke sa mai sako-sako don turbo ya cika kafin su tashi, amma tserensu na 'yan daƙiƙoƙi ne. Kai kuwa Maiduguri za ka, da iyali da kaya.

Zafi shi ne ajalin giyar otomatik, mu kuma a nan muna da shi har ya yi yawa. A watan Afrilu da Mayu rana kan wuce digiri 40. Man giya ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In ya daɗe sama da 120 sai ya fara ƙonewa, ya yi baƙi, faifan kulocin ciki su soma zamewa. Kwambatocin zamani suna da wani kuloci da ke kulle farfelolin biyu idan mota ta miƙa, zamewa ta tsaya, zafi ya sauka. Amma a cunkoson ranar kasuwa, ko a yashin hanyoyin ƙauyukan Gamawa da Zaki, ko an yi lodi fiye da kima, wannan kulli ba ya cika samuwa. Wanda hanyarsa ke nan kullum, ya sa a ƙara masa ɗan lagireton sanyaya man giya. Kuɗinsa bai kai na giyabos ba ko kusa.

Sai man kansa. Jan launi ba shaida ba ce. Toyota na da WS da T-IV, Honda na da DW-1 na otomatik da HCF-2 na CVT, kuma ba a musanya su. Wanda ya zuba man otomatik a CVT ya fara tara kuɗin wani giyabos.

Akwai kuma giya mai kuloci biyu, irin DSG ta Volkswagen. Mai hawa bakwai busasshiya, DQ200, iyakarta 250, kuma ba ta son jan ciki a cunkoso. A ganina, ga yanayinmu, otomatik mai kwambata ko manuwal sun fi kwanciyar hankali, ga su kuma makanikanmu sun fi sanin cikinsu. Masu sha'awar a taɓa ƙwaƙwalwar mota don turbo ya ƙara iska, su sani inji kaɗai suka ƙara wa ƙarfi, iyakar giyabos tana nan inda take.

Saboda haka, mai karatu, ranar da makanikinka ya ce giya ta tafi, kada ka tura saƙo kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Ladipo da sunan mota da shekara kawai. A kwafo lambar inji da lambar da ke jikin giyabos, a sayo shi tare da kwambatarsa, a wanke lagireton man da bututunsa kafin a ɗaura, sannan a sa kwamfuta a tabbatar ƙwaƙwalwar mota ta karɓe shi. In mai sayarwa ya ce maka ai duk ɗaya ne tunda zai zauna, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani shagon.