Ba Kowane Ciwon Ƙafa Ba Ne Sanyin Ƙashi

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Gumel ƙafa ita ce jarin talaka. Da ita ake zuwa gonar gero da riɗi a Gagarawa da Sule Tankarkar, da ita ake kora dabba zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis. Amma akwai wata cuta mai cin ƙafa a ɓoye, watau toshewar hanyoyin jini. An ƙiyasta cewa a shekarar 2010 mutum fiye da miliyan 200 ke fama da ita a duniya.

Kitse ne yakan taru a bangon jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, har hanya ta tsuke kamar lambatun da yashi ya cike. Shan taba, ciwon suga, hawan jini da tsufa su ne manyan masu jawo ta. Likitoci kuma sun gane cewa masu ciwon da ke sa kumburi a jiki shekara da shekaru sun fi saurin kamuwa. Cikinsu akwai masu amosanin gaɓɓai, irin wanda ke kumbura yatsu, da masu ciwon lufus, da masu ƙanjamau. Kumburin ba a gaɓa kaɗai yake tsayawa ba, yana bin jini yana lalata bangon jijiya.

Ga inda hatsarin yake. Wanda ya saba da ciwon gaɓɓai, in ƙafa ta soma ciwo sai ya ce sanyin nan ne ya motsa, ya tafi kemis. Alhali kuwa ciwon biyu sun bambanta. Na amosani a gaɓa yake, ya fi tsanani da safe, yana sauƙi in jiki ya motsa. Na toshewar jini kuwa a tsoka yake, galibi a sha-raɓa. Tafiya ke tayar da shi, in an tsaya minti kaɗan sai ya lafa, in an ci gaba ya komo.

In cutar ta yi nisa, ƙafa takan yi sanyi, yatsu su riƙa zogi da dare har sai an sauko da ƙafar daga gado. Ɗan raunin ƙaya ko na fartanya sai ya zama gyambo, yatsa ya yi baƙi. Nan ne ake kaiwa ga yanke ƙafa. Wanda ƙafarsa ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe, ta mutu, a kai shi asibiti nan take, domin cikin kamar awa 6 ana iya rasa ta.

Gwajin ba wuya. Akan auna ƙarfin jini a idon sawu, a gwada da na hannu. In na ƙafa bai wuce kashi 90 cikin 100 na hannu ba, akwai toshewa. A fara zuwa Babban Asibitin Gumel. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Mai wannan cuta ya bar taba ɗungum. Ya riƙa tafiya ta minti 30 ko fiye, sau 3 a mako, in ciwo ya taso ya huta, sa'an nan ya ci gaba. Kada ya shiga gona ba takalmi. Kada a yi wa ƙafar tsaga ko ƙaho, kada kuma a gasa ta a wuta da hunturu. Ƙwayoyi irin su prednisolone suna rage kumburi, amma yawan shansu yana ta da suga da hawan jini, don haka sai da umurnin likita.

Shugabannin ƙungiyoyi, ku karanta wannan a taronku na gaba. In akwai ɗan ƙungiya da ke yawan tsayawa a hanyar gona yana dafa sha-raɓa, ku taimaka masa da kuɗin mota daga asusu tun kafin damina ta faɗi.