Wata 32 a rufe: yadda zanen sanduna ke nuna abin da Jibiya ta gani

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na tudu. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma Jibiya, mashigar da ke haɗa Katsina da Maraɗi ta Ɗan Isa, sai Afrilun 2022. Ke nan Illela da Maigatari sun yi kusan wata 16 kowacce, Jibiya kuwa kusan wata 32.

Irin waɗannan alƙaluma ne zanen sanduna ya fi dacewa da su. Kowace iyaka rukuni ce mai zaman kanta, don haka ake ba ta sandarta, a bar tazara tsakaninta da ta kusa, tsayin sandar kuma ya wakilci adadin. Da kallo ɗaya mai karatu zai ga sandar Jibiya ta ninka ta Illela. Bai kamata a haɗa su da layi ba, domin babu wani abu da ke tsakanin Jibiya da Illela da layin zai nuna.

Sharaɗin shi ne ma'aunin ya fara daga sifili. Idan mai zane ya fara daga 10, sandar Jibiya za ta zama 22, ta Illela 6, ido ya ga kamar ninki huɗu alhali ninki biyu ne. Ba a canza lamba ko ɗaya ba, amma an yaudari mai kallo, kuma a lokacin yaƙin neman zaɓe irin wannan hoto na saurin yawo a Facebook.

Wani tarkon yana cikin rahotannin kamen da Hukumar Kwastam ke fitarwa: shinkafa a buhu, fetur a jarka, motoci ɗai-ɗai. Jera su haka a zane guda shirme ne, sai an mayar da kowanne zuwa darajarsa a naira. Ko bayan haka, doguwar sandar shinkafa tana nuna abin da aka kama ne, ba abin da ya wuce ta ɓarauniyar hanya ba.

Dama can a harkar fatauci wannan zane ya yi suna. A 1786 William Playfair ya wallafa shi don kwatanta cinikin Sikotilan da ƙasashe da yankuna 17, saboda alƙaluman shekara guda kacal ya samu.