Tasirin Nasarar Wasannin Manyan Makarantu ga Zukatan Yara da Zaɓin Makaranta

Gabatarwa

A duk shekara idan lokacin cike takardar neman shiga manyan makarantu ya zo, iyaye da yawa a karkara sukan bar wa 'ya'yansu zaɓi, bisa tunanin cewa su ne suka yi boko, su suka fi sanin inda ya dace. Sai dai sau da yawa idan aka tambayi yaro dalilin da ya sa ya zaɓi wata makaranta, amsarsa ba ta wuce cewa ya saba jin sunanta ba. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da sunan makaranta ke shiga kunnen yaro kuwa ita ce filin wasa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan yadda nasarar wasanni ke jan zukatan yara zuwa ga wata makaranta, da amfanin da ke cikin hakan, da kuma inda ya kamata a yi hattara. Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar Amurka, domin a can ne lamarin ya fi girma, a can ne kuma masana suka fi yin nazari a kansa, sannan mu dawo gida.

Matsayin wasannin jami'o'i a Amurka

A yawancin ƙasashen duniya ƙungiyoyin ƙwararru ne ke da magoya baya, wasannin ɗalibai kuwa ba su cika wuce harabar makaranta ba. A Amurka abin ya sha bamban. Tun shekarar 1906 aka kafa hukumar da a yau ake kira NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i da kwalejoji sama da dubu ɗaya. Wasanni biyu ne suka fi jan jama'a, wato ƙwallon kwando da kuma ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake ɗauka a hannu ana gudu da ita.

Domin a fahimci girman abin, filin wasa na Jami'ar Mishigan yana ɗaukar 'yan kallo 107,601, alhali garin Ann Arbor da jami'ar take a cikinsa bai kai mutum 125,000 ba a ƙidayar 2020. A Jami'ar Nebraska kuwa, daga shekarar 1962 an shafe sama da shekara hamsin ana sayar da tikitin kowane wasan gida ƙarƙaf. Haka kuma gasar ƙwallon kwando ta watan Maris, wadda ta kai ƙungiyoyi 68 a 2011, miliyoyin mutane ne ke kallonta a talabijin. A jihohi irin su Alabama da Nebraska, inda babu babbar ƙungiyar ƙwararru, ƙungiyar jami'a ita ce abin alfaharin kowa, har da manomin da bai taɓa shiga aji a jami'ar ba.

Yadda yaro ke kamuwa da son ƙungiya

Yaro ba ya zama ya yi lissafi kafin ya zaɓi ƙungiyar da zai goyi baya. Yakan tashi ne ya ga mahaifinsa ko wansa yana murna idan ƙungiyar ta ci, ya ga gari ya ɗauki sowa, a saya masa riga mai launin makarantar, sai son ya shiga zuciyarsa tun bai san abin da ake koyarwa a cikinta ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma bincike ya tabbatar da haka a wannan fage. A shekarar 2014 wani masani mai suna Seth Stephens-Davidowitz ya nazarci bayanan masu amfani da Facebook game da ƙungiyoyin ƙwararru na wasan besbol, inda ya gano cewa idan ƙungiya ta ci kofi a lokacin da yaro namiji yake tsakanin shekara takwas zuwa goma sha biyu, ya fi yiwuwa ya ci gaba da goyon bayanta har girmansa.

Akwai kuma wani sanannen bincike da Farfesa Robert Cialdini da abokan aikinsa suka wallafa a 1976. Sun lura da ɗalibai a jami'o'i bakwai, suka ga cewa ranar Litinin da ta biyo bayan nasarar ƙungiyar makaranta ɗalibai sun fi sanya tufafi masu ɗauke da sunan jami'arsu. Har ila yau idan an yi nasara ɗalibi yakan ce mun ci, idan kuwa an sha kashi sai ya ce an cinye su. Ma'anar wannan ita ce mutum yakan ɗauki nasarar ƙungiya a matsayin tasa, ya ji darajarsa ta ƙaru saboda ita. Yaron da ya yi shekara goma yana cewa mun ci, ranar da aka ce ya zaɓi makaranta ba zai yi dogon tunani ba, domin a zuciyarsa ya daɗe da zama ɗan makarantar.

Daga goyon baya zuwa zaɓin makaranta

Misalin da aka fi ambata shi ne na Kwalejin Boston. Ranar 23 ga Nuwamba, 1984, ƙungiyar kwalejin tana karawa da ta Jami'ar Miyami, ana cin ta, saura daƙiƙa shida a tashi. Wani ɗan wasa mai suna Doug Flutie ya wurga ƙwallo daga tsakiyar fili, abokinsa ya cafe a gidan abokan hamayya, aka tashi 47 da 45. An nuna wasan a talabijin a faɗin ƙasar, kuma a shekarun da suka biyo baya masu neman shiga kwalejin suka ƙaru ƙwarai. Tun daga nan ake kiran irin wannan ƙaruwa da sunan Flutie. Sai dai jami'an kwalejin sun yi nuni da cewa kafin wasan ma masu nema suna ƙaruwa, saboda sababbin ɗakunan kwanan ɗalibai da tallafin karatu da aka samar.

Domin a rarrabe gaskiyar lamarin, masana tattalin arziki sun tattara alƙaluman makarantu masu yawa. A 2009 Devin Pope da Jaren Pope sun nuna cewa makarantun da suka shiga sahun 20 na farko a ƙwallon ƙafa, ko sahun 16 na ƙarshe a gasar ƙwallon kwando, sukan sami ƙarin masu nema da kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari. A 2013 kuma Doug Chung na Jami'ar Harvard ya gano cewa idan ƙungiyar makaranta ta tashi daga matsakaiciya ta zama gagarabadau, masu nema kan ƙaru da sama da kashi 17 cikin ɗari. Ya ƙara da cewa ɗaliban da sakamakon jarrabawarsu bai yi ƙarfi ba su ne nasarar wasa ta fi ja, ko da yake masu hazaƙa ma ba ta bar su ba.

Jami'ar Alabama ta ci moriyar wannan sosai. A zamanin mai horarwa Nick Saban, daga 2007 zuwa ritayarsa a farkon 2024, ƙungiyarta ta ci kofin ƙasa sau shida. Ɗalibanta da ba su wuce 26,000 ba a 2007 sun haura 38,000 cikin shekara goma, kuma fiye da rabinsu daga wasu jihohi suka zo, inda suke biyan kuɗin makaranta fiye da na 'yan jiha. Gaskiya ne jami'ar ta kashe kuɗi wajen neman ɗalibai da ba su tallafi, amma sunan da ta yi a filin wasa shi ya riga wakilanta isa gidajen mutane.

Abin da ba a gani daga wurin 'yan kallo

A nan ne muke son jama'a su lura da kyau. Nasarar wasa talla ce mai ƙarfi, amma ba ta auna ingancin koyarwa. Kofi ba ya ƙara yawan malamai, ba ya cika ɗakin karatu da littattafai, ba ya kuma gyara ɗakin gwaje-gwaje. A wani bincike da aka wallafa a 2012 game da Jami'ar Oregon, an gano cewa a shekarun da ƙungiyar makarantar ta fi yin nasara, sakamakon ɗalibai maza waɗanda ba 'yan wasa ba yakan yi ƙasa idan aka kwatanta da na mata, saboda shagulgula sun ƙaru, karatu ya ragu.

Ta fuskar kuɗi ma haka abin yake. Rahoton NCAA ya nuna cewa a 2019, cikin manyan makarantu 130, guda 25 kacal ne sashen wasanninsu ya samar da kuɗin da ya wuce abin da ya kashe. Sauran kuwa daga aljihun makaranta da kuɗin ɗalibai aka cike giɓin. Nauyin ya ƙaru tun da aka amince wa 'yan wasa su karɓi kuɗin talla a 2021, sannan a 2025 aka ba makarantu damar biyan su kai tsaye.

Son cin kofi yakan kai ga maguɗi. A 2014 wani rahoton bincike ya bayyana cewa a Jami'ar Karolina ta Arewa ɗalibai kimanin 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun sami maki a darussan da ba a shiga aji domin su ba, tsawon shekara 18. Ga yaran da ke mafarkin zama ƙwararru kuwa, alƙaluman NCAA sun nuna cewa waɗanda ke kai wa ga haka ba su kai kashi 2 cikin ɗari na 'yan wasan jami'o'i ba. Saura duk da takardar shaidar karatunsu za su nemi abinci.

Halin da ake ciki a ƙasarmu

A Nijeriya wasannin manyan makarantu ba su kai wannan matsayi ba, duk da cewa tun 1966 aka fara gasar jami'o'i ta NUGA a Jami'ar Ibadan, kuma kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi suna da NICEGA. Yaranmu sun fi sanin ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya, waɗanda suke kallo a gidajen kallon ƙwallo. Amma halin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gari ke cika ranar gasar gidaje ta wata sakandare, ko yadda ƙananan yara ke rako ƙungiyar makarantar da ta ciyo kofi, ya san cewa a ranar wasu sun ƙudura a ransu can za su yi karatu.

Muna kuma da shaidar alherin da ke cikin haɗa wasa da karatu. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ta Jami'ar Houston ya bi har aka zaɓe shi na ɗaya a gasar NBA a 1984. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya koyi ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ya kamata dai a tuna cewa irin waɗannan ƙalilan ne a cikin dubbai.

Kira ga iyaye

Muna kira ga iyaye da kada su kashe wa yaro gwiwa idan ya nuna son wata makaranta saboda wasa, domin yaron da ke ɗokin makaranta ya fi wanda ake kora zuwa cikinta. Abin da ya kamata shi ne a zauna da shi kafin ya cike takardar JAMB, a tambayi shugaban makarantarsa ko malamin da ke ba da shawara a kan waɗannan abubuwa:

1. Ko makarantar tana koyar da fannin da yaron yake so, kuma sakamakonsa ya kai abin da ake buƙata.
2. Ko hukumar da abin ya shafa ta amince da fannin, wato NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE ga kwalejojin ilimi.
3. Nawa ne kuɗin makaranta, da na masauki, da na abinci, da na mota, kuma ko gida zai iya ɗauka har zuwa ƙarshe.
4. Yaya tsaro da tarbiyya suke a wurin, musamman ga 'ya'ya mata.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Ga shugabannin ƙananan hukumomi, da sakatarorin ilimi, da hakimai, dagatai da masu unguwanni, darasin shi ne cewa abin da ke jan yaran Amurka zuwa jami'a zai iya jan namu zuwa firamare da sakandare. Share fili, da kafa raga, da sayen ƙwallo da riguna, da shirya gasa tsakanin makarantun gunduma ba su da tsada idan aka kwatanta da amfaninsu, musamman a yankunan da yara ke barin makaranta. Sai dai a kafa sharaɗi cewa ɗalibin da ke zuwa aji kuma yake cin jarrabawa shi kaɗai zai buga wasa. A hana ɗauko 'yan haya daga waje, a hana rage shekaru, kada kuma a taɓa kuɗin alli da kujeru domin neman kofi. Haka nan a kare filayen makarantu daga masu yanka su suna gini, a kuma tanadi wasannin da suka dace da 'yan mata bisa tsarin addini da al'adarmu.

Kammalawa

Mun ga yadda nasarar wasa ke shiga zuciyar yaro tun yana ƙarami, da yadda take bin sa har ranar da zai zaɓi makaranta, mun kuma ga cewa makarantar da ta yi suna a fili ba lallai ne ta fi kowace a aji ba. Nauyi ne a kan iyaye da malamai da shugabanni su yi amfani da wannan sha'awa wajen kawo yara makaranta, sannan su tsaya su tabbatar da cewa ilimin da aka zo nema an same shi. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.