Na'urorin zaɓe ƙirar gida: nawa sharaɗin zai ci wa talakan Amurka?

A shekarar 2023 majalisar dokokin jihar Arizona ta Amurka ta amince da wani ƙuduri da ya tanadi cewa nan gaba ba za a yi amfani da na'urar zaɓe a jihar ba sai wadda aka ƙera dukkan sassanta, aka kuma harhaɗa ta, a cikin Amurka. Gwamnar jihar, Katie Hobbs, ta ƙi sanya masa hannu, bisa hujjar cewa zai bar jami'an zaɓe ba su da na'urar da za su iya saya. Ƙudurin bai zama doka ba, sai dai muhawarar tana nan, kuma akasarinta a kan kuɗi take.

Masu goyon bayan sharaɗin suna da hujja mai nauyi. Na'urar da ke ƙidaya ƙuri'a tana cikin kayan tsaron ƙasa, kuma duk sashen da aka ƙera a waje yana iya zama kafar yin kutse. A watan Janairun 2020 shugabannin kamfanoni uku da suka mamaye kasuwar, wato ES&S da Dominion da Hart InterCivic, sun bayyana a gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilai a Washington, inda suka amsa cewa wasu sassan na'urorinsu daga ƙasar Sin suke zuwa. Sun bayyana cewa wasu daga cikin kayan, irin su gilashin fuskar na'ura da ƙananan sassan lantarki, ba a samun madadinsu a cikin gida.

Daga nan lissafin yake farawa. Ana iya harhaɗa na'ura a Amurka, amma ƙera kowane ɗan sashe nata yana buƙatar masana'antu da akasarinsu suna Asiya. A 2022 Amurka ta ware sama da dala biliyan 52 don jawo masu ƙera ƙwaƙwalwar na'urori zuwa ƙasarta, kuma masana'antar da kamfanin TSMC na Taiwan yake ginawa a birnin Phoenix, a cikin Arizona ɗin kanta, ta lashe biliyoyin daloli. Kasuwar na'urar zaɓe kuwa ƙarama ce. Ƙaramar hukuma tana sayen na'ura sau ɗaya, ta yi shekara goma ko fiye tana aiki da ita. Masana'antar da za ta ƙera kaya kaɗan don 'yan kwastomomi ƙalilan dole ta ɗora kuɗin kafa ta a kan kowace na'ura, kamar yadda ɗan kasuwar da ya yi odar katan goma ba zai samu farashin wanda ya cika kwantena ba.

Sai kuma asarar abin da aka riga aka saya. Jihar Jojiya ta ƙulla kwangilar kusan dala miliyan 107 a 2019 don sabunta na'urorinta. Gundumar Los Angeles ta kashe kusan dala miliyan 300 wajen samar da nata tsarin, wanda aka fara amfani da shi a 2020. Idan doka ta haramta irin waɗannan na'urori tun ba su tsufa ba, jama'a za su biya kuɗin abu ɗaya sau biyu. Ban da haka, sauya sashe mai muhimmanci yana nufin a mayar da na'urar ɗakin gwaji a sake tantance ta, a sake horar da ma'aikata, abin da kan ɗauki watanni ko shekaru.

Wa zai biya? A Amurka jihohi da ƙananan hukumomi ne suke gudanar da zaɓe, kuma su ne suke ɗaukar mafi yawan ɗawainiyarsa. Gwamnatin tarayya takan taimaka jefi-jefi: dokar da aka kafa a 2002, bayan rikicin ƙidayar ƙuri'u na Florida a 2000, ta tanadi sama da dala biliyan uku, sannan aka ƙara dala miliyan 380 a 2018. Duk giɓin da ya rage, daga asusun da ake gyara hanyoyi da biyan albashin ma'aikata za a cike shi. Komawa ƙidaya da hannu ma yana da nasa farashin. A 2023 gundumar Mohave ta Arizona ta ƙiyasta cewa hakan zai ci sama da dala miliyan ɗaya a zaɓukan 2024, ta kuma yi watsi da shawarar.

Indiya ta nuna cewa ƙirar gida tana yiwuwa idan sharuɗɗanta sun cika. Kamfanonin gwamnati biyu, Bharat Electronics da ECIL, su suke ƙera na'urorinta. Babban mai saye ɗaya ne, wato hukumar zaɓe ta ƙasa, rumfunan zaɓe sun kai kimanin miliyan ɗaya, na'urar kuma ba ta da sarƙaƙiya. Duk da haka, ƙwaƙwalwar da ke cikinta daga waje ake shigo da ita.

Batun bai yi nisa da Najeriya ba. A watan Mayun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan cikin gida a sayayyar gwamnati, ita kuwa INEC tana buƙatar na'urar BVAS a kowace rumfa cikin rumfuna 176,846. Darasin Arizona shi ne, kafin a rubuta sharaɗin ƙirar gida a cikin doka, sai an fayyace ko harhaɗawa ake nufi ko ƙera kowane sashe, an ba da wa'adin da masana'antu za su iya cikawa, an kuma faɗi ƙarara daga wane kasafi kuɗin zai fito.