Tacewar Zubi a Ƙagaggun Labaran Hausa: Yadda Ake Koyonta da Mayar da Ita Sana'a

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin tacewar zubi, wato aikin editan da ke duba ginin littafi tun kafin a zo ga gyaran kalmomi. Ta waiwayi matsayin aikin a tarihin rubutun zube na Hausa, ta kuma nuna hanyar koyonsa da yadda ɗalibin da ya kammala karatun Hausa zai iya dogaro da shi.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce an tace littafi, abin da yawanci ake nufi shi ne an gyara ƙa'idojin rubutu: raba kalmomi da haɗe su, da haruffa masu lanƙwasa, da alamomin tsayawa. Wannan kuwa shi ne mataki na ƙarshe. Gabaninsa akwai gyaran jimla da salo, gabanin wannan kuma akwai tacewar zubi. A nan ne edita ke tambayar ko jigo ya fito, ko babi-babi sun ɗauki juna, ko taurari na da dalilin abin da suke aikatawa. Labarin da tubalinsa ya karkace, gyaran waƙafi da aya ba zai miƙar da shi ba.

2.0 Waiwaye

Rubutun zube na boko da irin wannan edita ya fara. Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Jiki Magayi kuwa har sunan East ya fito tare da na John Tafida. A 1936 Abubakar Imam ya zauna a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, East na ba shi littattafan hikayoyin wasu al'ummu, suna tattauna yadda za a jera labaran cikin labari guda na sarki da aku.

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuci ya zama shi ne mawallafi, shi ne kuma edita. Hakan ya buɗe wa mata da matasa ƙofa, amma ya kawar da idon da ke karanta rubutu kafin ya isa maɗaba'a. Yau da ake sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, giɓin ya ƙara faɗi, domin akan saki farkon labari tun marubuciya ba ta yanke yadda zai ƙare ba.

3.0 Koyon Aikin

Ɗalibin sashen Hausa ya riga ya riƙe rabin kayan aikin, tunda ya san jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salo. Bambancin shi ne, manazarci yana bayyana littafin da aka gama, edita kuwa yana hangen abin da littafin da ba a gama ba zai iya zama.

Aikin yakan fara da karatu biyu. Na farko ba a riƙe alƙalami, ana lura ne kawai da inda hankali ya tashi da inda ya kwanta. A na biyu ake tsara jadawalin babi-babi: wa ya fito, me ya faru, me ya sauya. Babin da babu abin da ya sauya a cikinsa, jadawalin zai tona shi. Daga nan sai wasiƙar edita, wadda ke farawa da abin da ya yi ƙarfi a rubutun, sannan ta kawo manyan matsaloli biyu ko uku tare da hujja daga shafukan. Edita yana nuna ciwo, ya ba da shawara, amma ba ya karɓe alƙalamin marubuci.

Mai neman misalin da zai nazarta zai same shi a Amurka. A 1957 Harper Lee ta miƙa rubutunta ga kamfanin Lippincott, edita Tay Hohoff ta yi aiki da ita har To Kill a Mockingbird ya fito a 1960. Da aka buga rubutun farkon a 2015 da sunan Go Set a Watchman, sai ya yiwu a ajiye su gefe da gefe a ga abin da tacewa ta yi.

4.0 Mayar da Shi Sana'a

Edita mai zaman kansa jarinsa amana ce. Yakan fara da gajerun labarai na ƙungiyoyin marubuta, ko na masu shirin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, matuƙar ƙa'idar gasar ta yarda. Ya kamata ya tace babi ɗaya a matsayin gwaji kafin a yi ciniki, a kuma rubuta yarjejeniya: yawan kalmomi, da zagaye nawa za a yi, da ranar miƙa aiki, da kafin alƙalami. A fayyace cewa haƙƙin mallaka na marubuci ne, kuma rubutun ba zai fita hannun edita ba.

Babban ƙalubale shi ne ribar littafin Hausa ba ta da yawa, marubuci kuma bai saba biyan kuɗi don a ce masa ya sake gini ba. Saboda haka masu wannan aiki kan haɗa da fassara, da tace labarin fim, da littattafan tarihin rayuwa.

5.0 Kammalawa

Marubutan Hausa sun yi yawa, masu karanta musu rubutu da idon gyara kuwa sun yi kaɗan. Sassan Hausa na jami'o'i suna iya cike wannan gurbi idan suka sa ɗalibai rubuta wasiƙar edita a kan rubutun da ba a buga ba, kamar yadda suke sa su nazarin wanda aka buga.