Firamaren Gaya da ta Ajingi: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Da zarar an kusa komawa makaranta sai maganar ta taso a majalisa da wurin suna: wai yaran firamaren cikin garin Gaya sun yi wa na ƙauyukan Ajingi fintinkau, har ana cewa gwamnati ta jera makarantun daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe.

Batun jerin nan a yi hattara da shi. Ƙidayar makarantu da ake yi shekara-shekara tana ƙirga yara maza da mata, da malamai, da ajujuwa, har da banɗakuna. Ba ta zaunar da yaro ta miƙa masa littafi. Duk wanda ya turo maka jeri a waya, ka tambaye shi wace jarrabawa aka yi, kuma wa ya yi ta.

Cewa makarantar cikin gari ta fi samun malamai, wannan kam haka ne. Malamin da aka tura ƙauye mai nisa yakan yi ta neman canji, balle malama mai goyo. Sai dai garin ma yana da nasa ciwon, wato cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya, amma ajin da ya ninka haka, yara zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, ba baƙon abu ba ne a jihar Kano. Irin wannan na cikin dalilan da suka sa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024.

Cikar rajista ma ba shaida ba ce. Suna yana nan a rubuce, mai sunan yana gona ko kasuwa.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce wai 'ya'yan ƙauye da na ruga ba su da kai. Wannan ƙarya ce, kuma tana cutarwa, domin ita ke sa uba ya haƙura tun yaro yana aji biyu. Yaron da ya taka tafiya mai nisa da sassafe, ko wanda ya tashi da Fulatanci a bakinsa ya tarar ana koyarwa da Hausa da Turanci, ko yarinyar da farantin talla ke jiranta kafin a tashi, ba a wuri ɗaya suka fara da ɗan ma'aikacin da ake duba wa littafi da dare ba. Sanin bambancin halin rayuwa ne ya sa aka kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989.

Mai son gwada makaranta biyu ya je ranar da ba a sa ran zuwansa. Ya ƙirga malaman da ke cikin aji, ya ga yara nawa suka dawo bayan an tashi tara, sannan ya roƙi hedimasta ya bar ɗan aji uku ya karanta masa layi biyu na Hausa. Abin da ya gani ya kai wa kwamitin kula da makarantar (SBMC) ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.